Sayen mota ta hannu a Birtaniya bayan an daina liƙa takardar haraji

A hirar da muka yi da 'yan'uwa mazauna Birtaniya kan cinikin mota ta hannu, kusan duk magana ta tsaya ne a kan dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2014. Daga ranar aka daina liƙa 'yar zagayayyiyar takardar haraji a gilashin gaba, wadda ake amfani da ita tun 1921, kuma harajin hanya ya daina bin mota zuwa hannun sabon mai ita.

Don haka in mai sayarwa ya ce maka "akwai sauran harajin wata shida a kanta", kada ka ƙara masa ko fam ɗaya. DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, shi za ta mayar wa kuɗin, kuma na cikakkun watannin da suka rage kawai. Kai kuwa sai ka biya naka kafin ka tayar da motar, ta amfani da lambar da ke jikin koren yankin takardar rajistar motar (V5C), ta intanet ko waya ko gidan waya. Kyamarori na karanta lambar mota a kan titi don gano wadda ba a biya wa haraji ba.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne watan da aka yi cinikin: mai sayarwa ba ya samun kuɗinsa, mai saye kuma daga ɗaya ga wata ake lissafa masa. Gwamnati ta ci sau biyu ke nan! Shawarar da aka fi amincewa da ita ita ce a miƙa mota daidai ƙarshen wata ko farkon sabo.

Mai sayarwa kuma ya sanar da DVLA a ranar da ya sayar da motar, don tarar rashin yin hakan na iya kai fam 1,000.