Neman shawara: ƙashin muƙamuƙi ya ƙi haɗewa bayan tiyata

Assalamu alaikum, likitoci da masana. Wata uku ke nan da aka yi wa ƙanena tiyata a muƙamuƙinsa na ƙasa, wanda ya turo gaba har haƙoransa ba sa haɗuwa in yana tauna. An tsaga ƙashin ta ɓangarorin biyu, aka mayar da shi baya, aka ɗaure da ƙananan faranti da kusoshin titaniyum, kuma an gaya mana cewa cikin mako 6 zai fara kamawa.

Dama ta warke, amma hagu har yanzu tana kumbura, mugunya tana fita ta dasashi kusa da turamen haƙora, kuma hoton da aka ɗauka ya nuna tsagin bai cike ba. Ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye biyu, kumburin ya sauka ya dawo. Ban ɓoye ba, ya koma shan taba tun mako na 4, duk da an hana shi. Leɓensa na ƙasa ma ba ya jin taɓawa.

Shin cire farantin kaɗai zai isa, ko sai an ɗebo ƙashi daga ƙugunsa an cike gurbin? Kuma jinkiri zai iya lalata jijiyar leɓen gaba ɗaya?