Wai miƙa struct kai tsaye yana rage wa shiri gudu?

Mai ƙorafi: Jama'a, na gaji da masu koyar da yaren rubuta shirin kwamfuta na C da ke hana miƙa struct (tarin bayanai da aka haɗa ƙarƙashin suna ɗaya) kai tsaye ga fankshin (ɓangaren shiri da ake kira ya yi wani aiki), wai sai ta fointa (adireshin inda abu yake a ma'adanar kwamfuta), don kullum kwafinsa ake yi. Ana cutar 'yan koyo!

Ɗan Linux: Wannan "kullum" ɗin ba gaskiya ba ce. A Linux kan firosesa nau'in x86-64, struct da bai wuce bayit 16 ba galibi a rijista (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin firosesa) yake tafiya. In long (cikakkiyar lamba) biyu ne a ciki, su shiga rijistocin rdi da rsi, su dawo ta rax da rdx. In double (lamba mai ɗigo) biyu ne, xmm0 da xmm1. In ya haura 16, ana jibge shi a stak, wato wurin ajiyar wucin gadi na fankshin a ma'adana.

Ɗan Windows: Malam, Linux ba ita kaɗai ce duniya ba. A Windows sai mai bayit 1, 2, 4 ko 8 cif ke shiga rijista. Mai 12 ko 16, mai kira ne zai kwafe shi ya miƙa adireshin kwafin.

Malamar C: Ai ko a rijistar ma kwafi ne. Canza shi a cikin fankshin, na asali bai motsa ba.

Ɗan Linux: Haba Malama, umarni biyu na mov, mai zuba ƙima a rijista, ne kwafi?

Malamar C: Kwafi ne mana! Kuma na sama-sama: jerin da ke cikin struct ana kwafe shi duka, amma in fointa ce, adireshin kawai ake ɗauka. Kowane ɓangare ya kira free, mai sakin wurin ajiya, a kan adireshin, shiri ya rushe.

Ɗan Rust: A yaren Rust mallakar abin ce ke ƙaura, kamfaila mai fassara shirin ba zai bari a saki abu sau biyu ba.

Ɗan Windows: Wa ya tambaye ka Rust?

Mai ƙorafi: Maganar mayar da struct daga fankshin fa?

Malamar C: Babban struct, mai kira ke tanadar wuri ya miƙa adireshinsa a ɓoye: rdi a Linux, rcx a Windows, x8 a firosesa nau'in ARM64. Haɗarin yana ga mai gudun kwafi ya mayar da fointar struct da aka ayyana cikin fankshin. Da an fita, wurin ya tashi daga nasa.

Shugaban zaure: A taƙaice, Ɗan Linux ya yi gaskiya: ƙasa da bayit 16, a miƙa kai tsaye.

Ɗan Windows: Shugaba, a Linux ɗinku ke nan. Kuma har da 16 ɗin.