Ma'aunin da ke ƙasan bututun yashi ya ƙi ba ni lamba ɗaya

Jama'a, a taimaka. Na tsayar da bututu, na sa ma'auni a ƙasansa, ina ta zuba busasshen yashi. Da farko nauyin na hawa, can sai ya cije, ko na ƙara yashi ba ya motsi. Wannan kam na gane: wani injiniya Bajamushe mai suna Janssen ya bayyana shi tun 1895, ƙwayoyin yashin na tokare juna, bangon bututun ya ɗauke sauran nauyin.

Inda na maƙale shi ne, duk sanda na zazzage na sake cikawa, lambar da yake tsayawa daban. Ko ɗan ƙwanƙwasa bututun na yi da yatsa, sai ta sauya. Yanayin zubawar ne, ko damshin iska? Yaya ake cikawa awo ya maimaitu?