Neman shawara: in sayi gonar Doka yanzu ko in dakata?

Abu Maryam (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙasa a yankin Gadarif na Sudan. Tuƙi nake yi a nan Jidda, mutanen gidanmu kuma suna Gadarif tun da yaƙi ya fito da su daga Madani a Disamban 2023. Yayana ya samo gona faddan 50 (faddan ɗaya kusan eka ɗaya ne) a wajen Doka, ƙasar damina ce. Da kaka mai gonar ya faɗi kuɗinsa, a lokacin ban shirya ba. Yanzu da muka koma masa ya kusa ninkawa, dillali kuma na cewa akwai wani ɗan kasuwa da ke jira, in ban turo kafin ƙarshen wata ba shi ke nan. Abin da na tara riyal dubu 40 ne, gonar za ta cinye kusan kashi biyu cikin uku. Kun san zaman nan, harajin riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyali, ga mai ɗakina da yara biyu, ga sabunta iƙama, wato takardar zama. So nake in sami abin da zan koma in tsaya a kai. Takardar da mai gonar ke da ita ta shehun ƙauye ce, wato mai gari, da shaidu, ya ce haka kowa ke saye a wajen. In saya kafin ta ƙara tashi, ko in dakata?

Ɗan Sinja:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa saya kawai, ƙasa ba ta ruɓewa. Duk wanda ya ajiye jineh, kuɗin Sudan, a shekarun nan ya yi kuka. A Fabrairun 2021 gwamnati ta mai da dala daga jineh 55 zuwa wajen 375 a rana ɗaya. Kafin yaƙi tana wajen 600, a 2024 ta haye 2,000 a kasuwar bayan fage. Me kake jira?

Ummu Yasmin (Makka):
Ɗan Sinja, ai lissafin nan naka shi ne hujjar kada ya yi gaggawa. Kuɗinsa ba a jineh suke ba, a riyal suke, riyal kuwa ɗaure yake da dala, 3.75, shekara da shekaru bai motsa ba. Abu Maryam, ka mai da farashin kaka zuwa riyal da canjin wancan lokacin, ka mai da na yau da canjin yau, sannan ka gwada. Za ka ga wani ɓangare na tashin nan ba gonar ce ta yi tsada ba, jineh ne ya faɗi. Wanda ke riƙe da jineh shi ne ke gudu. Kai tafiya za ka yi.

Baba Alhaji (Mai Wurno):
Ɗana, kafin a zo maganar tsada, me ake sayar maka? Wannan ita ce tambayar da ban ga ka yi ba.

A ƙasar nan, tun dokar 1970 ta zamanin Numeiri, duk filin da ba a yi wa rajista ba kafin lokacin na gwamnati ne. Rajistar da Turawa suka yi a ƙarƙashin dokar 1925 yawancinta a bakin Nilu ne daga Khartum zuwa arewa, sai Jazira. Ƙasar damina irin ta Gadarif da kudancin Sinnar da Damazin kusan duk ba ta shiga ba. Dokar mu'amaloli ta 1984 ta maye gurbin ta 1970, ta amince da haƙƙin mai amfani da ƙasa, amma asalin mallaka ta bar wa gwamnati. Saboda haka mutumin da ke riƙe da takardar shehu ba mulki yake sayar maka ba, hiyaza ce, wato ya ɗaga ka zauna inda yake. Ba na cewa banza ce. Kakanninmu da suka sauka nan bayan yaƙin Burmi, da izinin masu ƙasa suka sauka, kuma an yi zamani ana noma a kan maganar dattawa. Amma a lokacin ƙasa ta fi mutane yawa. Yau mutane sun fi ƙasa.

Ka sa yayanka ya je ofishin noman injina a Gadarif ya tambayi abu ɗaya: filin nan yana cikin tsari ne ko waje da tsari? In yana cikin wani mashru'i, wato babban filin noma, da gwamnati ta riga ta yanka ta ba wani haya, irin na faddan 1,000 da ake bayarwa shekara 25, to ranar da mai takardar haya ya bayyana da taraktarsa, takardar shehu ba za ta tsaya maka ba. In kuma mai gonar ya ce tana da rajista, ya kawo shahadar bahas, wato takardar binciken mallaka daga ofishin rajista, sabuwa, ba tsohuwar kwafi ba. Tsohuwa ba ta nuna ko an jinginar da filin a banki bayan fitarta.

Abu Maryam (Jidda):
Na gode Baba. Na tambayi Yaya yanzu, ya ce bai je ofishin ba, dillali ne ya ce masa ba sai an je ba.

Baba Alhaji (Mai Wurno):
Dillali la'adarsa yake nema. Da "akwai mai jira" da "ba sai an je ba", baki ɗaya ne ya faɗe su.

Hajiya Ta Damazin:
Ƙanena, ni abin da na gani zan faɗa maka. Mu ma da takardar shehu da shaidu maigidana ya sayi gonarmu a wajen Rusairis, muka noma ta shekaru babu wanda ya ce mana uffan. Da rikicin Yulin 2022 ya tashi, aka sake a Wad al-Mahi cikin Oktoba, ɗaruruwan rayuka suka salwanta, kuma kowa a nan ya san maganar ƙasa da sarauta ce a gindinsa. Mun bar gona da amfani a tsaye. Har yau ba mu sa ƙafa a cikinta ba, takardar kuma tana nan cikin akwati.

Ban ce Doka Rusairis ba ce, Allah ya kiyaye. Hausawa sun daɗe a Gadarif, suna da unguwanni da masallatai da surukai. Amma ka bincika su wa ke maƙwabtaka da gonar ta kowane gefe, akwai namu a ƙauyen ko kai kaɗai za ka zama baƙo, kuma umda, wato mai sarautar da ke sama da shehu, ya san da cinikin ko shehu ne kawai. Sannan 'yan uwan mai gonar. In gado ce, mutum ɗaya ba ya sayar da ita, ko da shi ne babba. Sai ka biya, bayan shekara biyu ƙanwarsa ta dawo daga Kasala ta ce ba ta sa hannu ba, kuma tana da gaskiya.

Manomin Hawata:
Kowa na maganar takarda, bari in yi maganar ƙasar kanta, don ni a cikinta nake kwana. Kudu ta fi arewacin Gadarif ruwa, wannan gaskiya ne, shi ya sa ake rububin wajen Doka da Galabat. Amma gona faddan 50 da mai ita ke son rabuwa da ita a lokacin da kowa ke nema, sai a tambayi dalili. Wata an yi ta shuka mata dawa shekara bayan shekara har ƙuduji ya cinye ta, kuma da rani ba za ka gane ba, baƙar ƙasa ce mai tsagewa, duk iri ɗaya. Wata tana kan burtali, shanu za su bi ta kanta da kaka, ka ƙare a gaban kwamitin sulhu. Wata kwari ce, ruwa ya kwanta wata guda, riɗi kuwa ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ga hanya: in damina ta kankama, laka ba ta barin mota ta shiga. Akwai hafiri, wato tafkin tara ruwan sama, kusa da ma'aikata za su sha?

Sannan ka ce kashi ɗaya cikin uku ne zai rage maka. Da shi za ka biya tarakta da diski, da man dizal wanda tun da matatar mai ta Jaili ta tsaya ya zama abin da ya zama, da iri, da noman ciyawa, da yankan riɗi. Yankan riɗi ba ya jira, in ya nuna ba ka da mutane a makon nan, ƙasa ce za ta ci. Ma'aikatan Habasha da aka saba dogara da su ma ba kullum suke samun shigowa ba tun rigimar iyaka ta Fashaga ta ƙarshen 2020. Wanda kuɗinsa ya ƙare a watan Agusta sai ya faɗa hannun 'yan shel, su saye amfaninsa tun yana kore a farashin da suka ga dama. Na ga masu gona da yawa da suka zama ma'aikatan ɗan kasuwa a gonarsu.

Ni da ni ne, bana haya zan karɓa. Ka ce wa mai gonar ya ba ka ita damina ɗaya, a rubuta cewa in za a sayar kai ne farko. Ka ga ƙasar, ka ga maƙwabta, ka ga ko wani zai fito ya ce tasa ce. In ya ƙi haya ya nace sai saye, ka sami amsarka.

Ɗan Sinja:
To in ya yi haya, baɗi aka ninka kuɗin fa? Ku ne za ku cika masa?

Ummu Yasmin (Makka):
Ba lallai ta ninka ba. Abin da ya tura farashin Gadarif sama har da cunkoso: mutanen Khartum, na Madani, sannan na Sinja a 2024, duk suka taru a jihohin gabas, masu ɗan abin hannu suna neman inda za su sa kuɗi. Sojoji sun karɓi Sinja a Nuwamban 2024, Madani a Janairun 2025, mutane na komawa. Wasu da suka saya don ajiya za su nemi sayarwa su gyara gidajensu. Ban ce za ta sauka ba, amma gara ya ƙara ɗan wani abu baɗi a kan gonar da ya sani da ya yi cinikin biri a sama bana.

Ɗan Managil:
Tunda asalinku Madani ne, me ya sa ba ka duba hawasha, wato gonar ban-ruwa, a Jazira? Dokar 2005 ta ba da damar a sayar da haƙƙin hawasha, kuma sunanka zai shiga littafin mashru'i. Sai dai ka duba inda take a kan magudana. Wadda ke ƙarshen tur'a, wato magudanar, da laka da ciyawar da suka cike hanyoyin ruwa, sai ka ga alkama na ƙishi na gaba da kai na ambaliya. Yaƙin kuma ya ƙara lalata abubuwa da yawa. A nan ma dangada, wato haya, za ka fara yi, kaka ɗaya, kafin ka saya. Ina faɗin wannan ne da ciwo, don iyayenmu sun yi shekaru a kambo, zangon 'yan ƙwadago, suna noma wa masu hawasha auduga da gyaɗa, ba su da ko taƙi da sunansu.

Malam Na Madina:
Abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma ka yi haƙuri da shi. Sunan wa za a rubuta? Yayanka mutumin kirki ne, ba mu shakka, amma rai na Allah ne, kuma 'ya'yansa ba su san yadda kuka yi ba. Allah da kansa ya ce a rubuta bashi a sa shaidu, a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani. Ka je ƙaramin ofishin jakadancin Sudan a can Jidda ka yi masa wakalar da ta ambaci wannan gonar kaɗai, ciniki ya fita da sunanka a gaban lauya. Kuɗin kuma ya bi ta Bankak, manhajar Bankin Khartum, ko wata hanyar da ke barin shaida, kada a miƙa a leda. In shi zai riƙa nomawa, ku yanke rabon tun yanzu, nawa na mai ƙasa, nawa na mai wahala.

Abu Maryam (Jidda):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da Yaya, da farko ransa bai so ba, ya ce kamar ban yarda da shi ba ne, amma Inna ta sa baki. Ranar Lahadi zai shiga ofishin noman injina, daga nan ya wuce wajen umda. Na ce ya gabatar wa mai gonar maganar hayar damina ɗaya. Manomin Hawata, in an yarda, riɗi za mu sa ko dawa?

Manomin Hawata:
Ku raba. Tudun ku sa riɗi, kwarin ku sa dawa, don ka ga halin kowane ɓangare. Yayanka ya tambayi maƙwabcin gabas da na yamma me aka shuka a wajen shekara uku da suka wuce, kada ya tambayi mai gonar. Kuma ya kama mai tarakta tun yanzu ya ba shi kafin alƙalami, don da ruwan farko ya sauka ba za ka same shi ba.