Motar da ake kwana a cikinta: me za mu kira ta da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku kan kalma ɗaya: campervan. Faransawa kuma camping-car suke cewa, 'yan uwanmu na Nijar za su fi sanin wannan. Karatu nake yi a Melbourne, kuma a hutun ƙarshen shekara, lokacin da ake bazara a Ostareliya, ni da abokan karatuna muka yi karo-karo muka ɗauki hayar irin wannan mota muka bi gaɓar teku. Ina so in rubuta labarin tafiyar da Hausa, sunan motar ne ya tsayar da ni.

Ga yadda take. Yawancin waɗanda ɗalibai ke haya Toyota HiAce ce, irin wadda ake lodi a tashoshinmu, sai dai an cire kujerun baya. A wurinsu akwai benci da tebur, da dare a kwantar da su su zama gado. Akwai risho na gas, da tankin ruwa da ɗan wurin wanke kwanuka, da ƙaramin firiji mai aiki da batir na biyu, don kada ya shanye na tayar da mota. Direba na iya tashi daga sitiyari ya dafa shayi ba tare da ya nemi gidan kowa ba.

Wani ya ba ni "motar gida". Ban karɓa ba, domin kowa ya san motar gida ita ce wadda ba ta haya ba, ta kai yara makaranta. "Gidan mota" kuwa gareji zai zo wa mutum a rai. "Motar kwana" ta fi kusa, har na so in tsaya a kanta, amma ku faɗe ta da baki ku ji: saura kaɗan ta koma motar kwana-kwana, ta masu kashe gobara.

Ni dai ra'ayina, motar tafi-da-gidanka. Kalmar tana bakinmu tuntuni. Mun ce wayar tafi-da-gidanka, mun ce kotun tafi-da-gidanka, alhali babu gida a cikin waya, babu gida a cikin kotu, aro ne kawai muka yi don nuna abin da ke yawo. A nan kuwa maganar zahiri ce: gadonka, murhunka da ruwanka suna tafe da kai. Wani malami a cikinmu ya ce ta yi tsawo. Malam, gaskiya ne, amma tsawon bai hana ta shiga labaran rediyo ba, kuma tsohuwar da ba ta taɓa ganin motar ba za ta gane ta daga jin sunan. Wannan ya fi mini gajarta muhimmanci.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wurin kwanan. Hanyar da muka bi, Great Ocean Road, tana jihar Victoria, kilomita 243 daga Torquay zuwa Allansford. Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ne suka sare ta a jikin duwatsu da diga da shebur, daga 1919 zuwa 1932, don tunawa da 'yan uwansu da suka mutu a yaƙin. Tsakanin Lorne da Apollo Bay lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, tsauni a dama, teku a hagu can ƙasa, ga shi a hannun hagu ake tuƙi. Kusa da Port Campbell akwai ginshiƙan dutsen nan da ke tsaye cikin ruwa, Twelve Apostles, waɗanda igiyar ruwa ke ci a hankali, har ɗaya ya rushe a 2005. To duk kyawun wurin, ba ka isa ka faka a gefen titi ka kwana ba. A garuruwa irin su Torquay da Lorne an hana, kuma ana cin tara. Dole ka shiga filin da aka tanada, ka biya kuɗin dare, ka jona wuta, ka cika tanki, ka sami banɗaki da wurin wanka.

Wannan fili ba sai mun ƙirƙiro masa suna ba, zango ne. Inda ayarin fatake ke sauke kaya idan rana ta yi, a ɗebi ruwa, a hura wuta, da asuba madugu ya ce a tashi. Daga nan ne unguwannin Zongo na Kumasi da Accra suka samo sunansu. Shi ya sa ma wata 'yar uwa ta kawo "motar zango", kuma na ji daɗinta, sai dai a tasha za a ɗauka motar da za ta garin Zango ake nufi. A bar zango ga filin. Sai a ce: mun ɗauki motar tafi-da-gidanka, mun ya da zango a Apollo Bay.

Saura guda da ban warware ba. Akwai wadda ba ta da inji, ɗaki ne mai taya da ake ɗaurawa a bayan wata motar a ja, Turawa na ce mata caravan. Na yi tunanin "ɗakin ja", sai na ga za a karanta shi da ma'anar launi. "Tirelar tafi-da-gidanka" kuma tana kawo hoton babbar motar ɗaukar kaya. Mutanen Damagaram da Maraɗi, da direbobin da ke cikinmu, me kuke ce mata?