Ta yaya zan aika wa mai jego nama daga Jigawa zuwa Fatakwal bai lalace ba?

Inna daga wani ƙauye a Taura ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san nama da waɗanda suka san hanya.

Yarinyar wajena tana aure a Fatakwal, mijinta na sana'ar gwari a can. Allah ya sauke ta lafiya, an samu ɗa namiji, kuma haihuwar fari ce. Da a ce komai ya tafi yadda aka saba, da yanzu tana ɗakina tana wanka, ina dama mata kunu, ana gasa mata nama safe da yamma. To likita ya hana ta doguwar tafiya tun cikin bai tsufa ba, ni kuma mai gidan yana kwance, ba halin in bar shi. Ko da yake 'yar fari ce, kunya ba za ta hana ni faɗa ba, abin yana ci mini rai.

Ƙanin babanta zai shiga kasuwar Gujungu ranar Lahadi ya sayo rago. So nake naman nan ya je mata daga hannuna. Ba mu da wuta balle firji, ga damina. Maƙwabciyata ta ce in zuba shi ɗanye a cikin kula mai riƙe sanyi, in sa ƙanƙara, in ba direba, amma hankalina bai kwanta ba. Sannan ƙanena da ke Amurka ya ji labari, shi ma ya ce a haɗa masa kilishi a ba wani mai tafiya. Ku taimaka mini, Allah ya saka da alheri.

Mai dambun Wudil:

Wa alaikumus salam Inna. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya, ya tashi kafaɗun Baba.

Maganar kula ki ajiye ta gefe. Ƙanƙarar za ta narke a hanya, naman ya ƙarasa tafiyar a jiƙe cikin ruwan ɗumi, a ƙarshe a zubar. Dambu za ki yi, amma dambun tafiya daban yake da wanda ake ci a gida. Na gida ana barinsa da laushi, na tafiya sai ya bushe ƙayau.

Tsoka zalla za ki ware, cinya da gadon baya. Ki zauna da wuƙa ki fere kitse da jijiya duka, kada ki ji tausayinsu, domin kitse ne ke fara wari. Ki tafasa da citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, gishiri da albasa kaɗan, ki bar shi a wuta har ruwan ya tsotse a jikinsa. Turmin da za ki daka ya kasance an wanke shi tun jiya ya bushe. Bayan daka ki bi da hannu ki tsittsinke, duk curin da ya rage shi ne zai ɓoye danshi a ciki.

Wajen suya ake yin kuskure. Man gyaɗa mai kyau, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa ba tsayawa. Da farko za ki ga kumfa ta taso, tukunyar na ta ƙara. Ruwan da ke cikin naman ne yake fita. Kada ki sauke sai kumfar ta kwanta, ƙarar ta yi ƙasa, in kin ɗebo kin murza a yatsa kin ji ƙaras-ƙaras. Ki tsame a kwando, ki matse man sosai a tsumma mai tsabta, ki baza a tire a cikin ɗaki ki lulluɓe da rariya ya kwana. In kika rufe shi da sauran ɗumi zai yi gumi, gumin nan kuwa shi ne mafarin fumfuna. Kuma bayan suya kada ɗanyar albasa ko attarugu su kusance shi.

Kada ki zuba a bokiti guda babba. Ki raba a ƙananan robobi masu murfi, domin iskar Fatakwal laima gare ta, duk buɗewa ɗaya dambun na shan danshi. Ta cinye roba ɗaya kafin ta buɗe wata, kuma da busasshen cokali.

Kai da ƙafa da kayan ciki ku ci a gida. Na kauri ki tura wa mijin kuɗi ya saya mata a can, mahautanmu na nan cike da garin. In za ki haɗa da man shanu, ki soya shi har ruwan ya ƙone ki tace tukuna.

Direban kudu:

Hajiya, tafiyar ta kai wajen kilomita 1000. In hanya ta yi kyau, kwana ɗaya da wuni ne, amma ki shirya kayan kamar za su yi kwana uku. Mota na lalacewa, kuma a 2022 da ruwa ya cinye titi a wajen Lokoja, motoci kwanaki suka yi a tsaye.

A kai saƙon tashar New Road a Sabon Garin Kano, a ba manyan bas. Kada ki ba tirelar shanu ko ta kayan gwari don sauƙin kuɗi, rana da ruwan sama duk a kansa za su ƙare. A sa robobin a kwali, a naɗe kwalin da leda ta waje, a rubuta lambar wayar mijin manya-manya. Wanda ya kai ya tsaya ya ga inda aka ajiye, ya roƙi yaron mota kada a sa shi kusa da inji ko jarkar mai. Ya karɓi lambar direba, ya ɗauki hoton lambar motar ya tura wa mai karɓa.

Ɗan Birnin Kudu a Luwiziyana:

Inna barka da arziki. Zan yi magana kan kula da kuma kan ƙanenki.

A Lafayet ta jihar Luwiziyana a Amurka nake zaune, tsakiyar ƙasar mutanen Kajun, jikokin Faransawan da Turawan Ingila suka koro daga Kanada tun daga 1755. Suna da wani abinci da suke ji da shi, budan: naman alade da hanta da shinkafa da albasa da barkono, a dafa a ɗura cikin hanji. Ni ba na ci, amma ina ganin yadda abokan aikina ke aika wa 'ya'yansu da ke jihohi masu nisa, kuma kewar da ke sa su yin haka irin taki ce. Akwai wani ƙaramin gari kusa da mu, Scott, da majalisar jiha ta ba shi laƙabin babban birnin budan a 2012, shaguna a can aikawa na cikin sana'arsu.

Ga yadda suke yi. Sai an daskarar da shi ya zama dutse, a rufe a ledar da aka zuƙe wa iska, a sa a akwati mai kauri mai riƙe sanyi. Su kan sa busasshiyar ƙanƙara, wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, ba ta zama ruwa, iska take komawa, shi ya sa ba a toshe akwatin gaba ɗaya. Sai a ba kamfanonin aika saƙo, FedEx ko UPS, su kai cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a farkon mako, don kada ya kwana a sito Asabar da Lahadi. Ƙa'idar hukumar noma ta nan ita ce nama kada ya haura digiri 4 fiye da awa 2, in ana zafi sama da digiri 32 kuwa awa 1 ce. Ki duba wannan, ki duba kula da ƙanƙarar kanti a bayan bas. Shawarar dambu ita ce daidai.

Kilishin ƙanenki kuma, don Allah kada ki ɗora wa kowa. Amurka ba ta yarda matafiyi ya shigo da naman shanu, tumaki ko awaki daga ƙasashen da ke da cutar boru ta baki da kofato ba, Najeriya na ciki, kuma busarwa a rana ba ta fitar da shi daga dokar. Akwai karnuka a filin jirgi masu shinshinar jaka. In mutum ya faɗa da bakinsa, ƙwacewa za a yi a lalata. In ya ɓoye aka gano, tara ce daga dala 300. Ingila ma ta hana. Ki ce masa ya nemi shagon halal ya sayi cinyar sa, a yanka masa fale-fale, ya busar a tanda da wuta kaɗan, ya kwaɓa labu da kansa. Haka muke yi.

Mahaucin Gaya:

Ban ƙi dambu ba, amma mai jego na son abin da za ta tauna, ko ta jefa a romo. Ki raba naman biyu, rabi ki yanka ƙanana ki soya irin na layya har cikinsa ya bushe. Ki fasa ɗaya ki gani, in da sauran fari-fari mai taushi a tsakiya, a mayar wuta.

Kilishi a gida cikin damina ban ba ki shawara ba, ba ranar da za ta busar da shi a wuni ɗaya, ga ƙuda. Aikin hunturu ne. In dole ne a saya a unguwar Agadasawa a Kano ranar da za a ba mota, a naɗe a farar takarda, ban da jarida, ban da takardar siminti. Tunkuzar da ke jikinsa na jan danshi, in ya isa a ɗan ɗora shi a garwashi.

Inna ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Zan raba biyu yadda Malam mahaucin Gaya ya ce, ƙanena kuma na tura masa bayanin ya ji da kunnensa. Saura ɗaya: na daka yaji, ga garin kunu, kuka, daddawa da kanwa. A kwali ɗaya zan haɗa su da naman?

Mai dambun Wudil:

Yaji da gari da kuka su shiga, kowanne a ƙulle a ledarsa. Daddawa ki ware mata nata ƙunshin, in ba haka ba dambun duk ita zai ɗauka. Kanwa kuma Inna ki rage hannu, likitoci a Zariya sun daɗe suna jan kunne cewa yawanta ga mai jego na jawo kumburi da ciwon zuciya. Tunda tana ganin likita a can, ta tambaye shi kafin ta fara sha.