Turken iyakar filinmu ya ɓace, lambobin safiyo kuma sun ƙi haɗuwa da waya

Assalamu alaikum jama'a. Marigayi Baba ya bar mana fili a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, da takardar mallaka da taswirar safiyo. Turakun siminti huɗu ne, biyu sun ɓace tun da maƙwabcinmu ya yi gini. Na zuba lambobin taswirar a GPS na waya, sai ta kai ni tsakiyar titi, nesa da turken da ke nan daram. A ƙasan takardar an rubuta Minna da UTM 32, wato tsarin awon da aka bi wajen fitar da lambobin, wayar kuwa wani tsarin daban mai suna WGS84 take bi. Nan ne matsalar? Yaya ake juya lambobin? Ba na son rigima da Alhaji maƙwabcin namu, mutumin kirki ne, amma ƙannena na jiran rabon gado. Ku taimaka don Allah.